GYARAN JIKIN TUMAKI DA AWAKI A BAZARA KAFIN FAƊUWAR DAMINA

Gabatarwa

A yankin Zonkwa da Kafanchan bazara ba ta daɗewa. Da sanyin hunturu ya janye a watan Fabrairu zafi yake tashi, zuwa ƙarshen Maris hadari ya fara haɗuwa, cikin Afrilu ruwa ya sauka, ba kuma zai ɗauke ba sai Oktoba. A cikin waɗannan 'yan makonni hankalin kowane gida yana kan gona: sharar fili, neman taki, tanadin irin citta da na masara. Tumaki da awaki kuwa, waɗanda suka shafe rani suna yawo a kan karan dawa da bakin fadama, babu mai waiwayarsu sai ranar da maƙwabci ya yi shuka, a bi su da gudu a kama a ɗaure a turke. Da ƙwarin da ke jikinsu, da tsutsar da ke cikinsu, da kofaton da ya yi tsawo, haka suke shiga wata shida ko bakwai na ɗauri da ruwa da taɓo.

Abin da wannan jagora take nema gare ka, ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, shi ne a ware yini ɗaya tsakanin tsakiyar Maris da farkon Afrilu, a kama kowace dabba da hannu, a duba ta daga baki har wutsiya, a gyara abin da yake neman gyara. Wanda ya ga abin da cutar ruɓewa ta yi wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ba ya bukatar a gaya masa darajar akuya biyu ko uku a bayan ɗaki. Idan gona ta gaza, su ake kaiwa kasuwa domin kuɗin makaranta da na asibiti. Da yake yawancin awakin gida na mata ne, kuma yara ne suke kai su turke, a tabbatar suna wurin ranar aikin.

Darasi daga masu askin ulu

Al'adar ware rana domin duba dabba ɗaya bayan ɗaya ta fi kafuwa a ƙasashen da ake kiwo domin ulu. Misali mai kyau shi ne alfaka, wata dabba 'yar dangin raƙumi marar tozo, wadda nauyinta kan kai kilo 50 zuwa 80. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, inda ake kiwonta a tudun da ya haura mita 3,500 sama da teku. Ƙasar Peru ce take da mafi yawansu a duniya, musamman yankunan Puno da Kusko da Arekipa, sai Bolibiya. Yanzu kuma akwai ƙananan gonaki masu alfaka a Amurka, Ingila da Ostireliya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2024 domin tunawa da amfanin dabbobin dangin raƙumi, har da ita. Ulunta mai kyau bai kai rabin kaurin gashin kan mutum ba, shi ya sa yake da tsada.

Alfaka ba ta kaɗe gashinta da kanta. Idan aka bar shi ya yi ta tsawo, sai ya dunƙule, dabba ta galabaita da zafi. Saboda haka ake yi mata aski, wato sausaya, sau ɗaya a shekara, kuma ba a zaɓar lokacin da ka. A Ingila da Amurka ana yi bayan sanyi ya wuce, daga Afrilu zuwa Yuni, domin dabba ta shiga zafi da jiki sakayau, gashi kuma ya dawo kafin wani sanyin. A Peru ana yi wajen Oktoba da Nuwamba, dab da faɗuwar daminarsu, domin sabuwar ciyawa ta taimaka wa dabba ta mayar da abin da aka cire. Ana kwantar da ita a kan shimfiɗa mai tsabta, a miƙe ƙafafuwanta da igiya, a fara cire ulun gadon baya da haƙarƙari, wanda shi ne mai daraja, a ajiye daban. Na wuya daban. Na ciki da ƙafafuwa daban. Ba a aske dabbar da jikinta yake a jiƙe. A ƙananan gonakin Turai da Amurka dabba ɗaya kan ba da kilo 2 zuwa 4.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne abin da ake haɗawa da askin. Tun da an riga an kama dabba, a nan ake yanke mata farce, a duba haƙora, a shafa bayanta a ji ƙiba ko rama, a ga halin da fatarta take ciki, a yi allurar rigakafi, a rubuta. Ciwon da ya ɓuya a ƙarƙashin gashi shekara guda, ranar yake fitowa fili.

Me ya sa ba ma aske namu?

Tumakinmu na gashi ne, ba na ulu ba. 'Yanƙasa, wadda ita ce ta fi yawa a nan, da Uda da Balami da gajeruwar tunkiyar kurmi, duk gajeren gashi gare su mai kauri, kuma sukan kaɗe shi da kansu. Haka jar akuyar Sakkwato da gajeruwar akuyar kudu da barbarar da ke tsakaninsu. Tumakin ulu a Yammacin Afirka sai can Masina a ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani suke saƙa barguna da shi, da ɗan abin da ya rage a bakin Kwara a Jamhuriyar Nijar. An taɓa gwada samar da ulu a Arewacin Nijeriya: a Katsina an haɗa tumakinmu da ragunan Merino, kuma masaniyar ulu Marca Burns ta wallafa sakamakon binciken a 1967. Aikin bai kai ga garken talaka ba. A ganina ba mu yi asara ba, domin a ƙasar da take samun ruwa wajen milimita 1,500 a shekara kamar Zonkwa, ulu mai riƙe danshi gidan ƙuda ne da ruɓewar fata.

Amma rashin aski ya jawo mana wani rashi: ba mu da ranar da take tilasta mana kama dabba mu dube ta. Ana iya shekara uku akuya ba ta shiga hannun mai ita ba sai ranar sayarwa. Wannan giɓin ne muke so a cike.

Shirin ranar aiki

A zaɓi safiya wadda ba ruwa, a yi aikin a inuwa, a kan dandaɓe ko busasshiyar ƙasa da aka share. Kayan da ake bukata su ne almakashin kofato, ko almakashin datse reshen itace idan yana da kaifi, wuƙa ƙarama, almakashin gashi, burushi, aidin, sabulu, bokiti biyu, safar hannu ta roba, sikeli mai ƙugiya da buhu, sai littafi da biro. A fara da 'ya'ya da lafiyayyu. Duk dabbar da ake zargin tana da ciwo a bar ta ƙarshe, a kuma wanke almakashi da wuƙa tsakanin dabba da dabba.

Kada ka kama dabba ta gashi, ko ta kunne, ko ka fizgo ta da ƙafa ɗaya. Sa hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya a bayan cinya. Tunkiya ana iya zaunar da ita a kan gindinta ta jingina da ƙafafuwanka, sai ta yi laƙwas. Akuya ba ta yarda da wannan zama. A tsayar da ita jikin bango, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya yi aiki. Mai tsohon ciki kada a kayar da ita, a duba ta a tsaye cikin hanzari a sake ta.

A auna kowace dabba a rubuta. Tunkiyar 'Yanƙasa babba takan yi kilo 25 zuwa 40, gajeruwar akuya kuma wajen 20 zuwa 25, amma kintace da ido yakan ruɗi har gwani, kuma duk maganin da za a ba dabba da nauyinta ake lissafa shi.

Gashi da fata

Shafa hannunka daga wutsiya zuwa kai domin gashi ya buɗe. Dubi gindin gashi a wuya, kafaɗa da gadon baya. Ƙwarƙwata takan yi yawa a ƙarshen rani, lokacin da dabba ta rame. Za ka ga ƙwanta manne da gashi, dabba kuma tana ta goga jiki da bango. Ƙuma ta fi addabar 'ya'ya a ƙafafuwa da ciki, har takan shanye jinin ɗan akuya ya mutu, kuma gidanta yana cikin busasshen kashin da ya taru a ɗaki. Saboda haka wanke dabba ba tare da kwashe ɗakin ba aikin banza ne. A kwashe takin a kai gona, ai lokacinsa ne ma.

Wuraren da kaska take ɓuya su ne cikin kunne, hammata, tsakanin cinyoyi, hantsa, maraina, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato. A kula ƙwarai da babbar kaskar nan mai zane a baya, wadda makiyaya suke kira koti. Manyanta da farkon damina suke fitowa. Bakinta dogo ne, tana barin rami a fata, tana lalata kan nono, tana ɗauke da cutar da take tara ruwa a jakar zuciya har dabba ta riƙa zagaye tana faɗuwa, kuma inda ta yi yawa kirci yakan biyo baya. Kirci shi ne ciwon da yake haɗe gashi ya yi tsaye curi-curi da ɓawo a gindinsa. Ruwan sama da ke jiƙa fata kullum shi yake rura shi. Ƙazuwa kuwa takan fara daga fuska, kunne da ƙafafuwa, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsattsage. Kirci da ƙazuwa da ƙurajen baki na 'ya'yan awaki duk suna iya kama mutum, don haka a sa safar hannu.

A nan ne almakashi yake da aiki a wurinmu. A rage gashin da kashi ya dunƙule a gindin wutsiya da cinyoyi, domin ƙuda yana yin ƙwai a wurin. A rage na kewayen gyambo da na wurin kirci domin iska da magani su kai ga fata, a tattara ɓawon da gashin a ƙone. Rago mai doguwar geza da ƙwarƙwata ta cika ana iya rage masa kafin wanka. Iyakar askin ke nan. Kada a bi jikin dabba da reza a yi mata ƙwal. Gashin nan shi yake kare farar tunkiya daga rana da cizon ƙwari, shi kuma yake zubar da ruwan sama. Reza tana barin ƙananan yanka, kuma reza ɗaya takan raba kirci ga garke duka.

Idan ƙwarin sun yi yawa, a yi wanka da maganin da aka yi domin dabbobi, irin su amitiraz, a gauraya daidai yadda takardar kwalba ta ce. A jiƙa dabba har gindin gashi, a kiyaye ido da baki, a shayar da ita ruwa tukuna domin kada ƙishirwa ta sa ta lashi maganin. Yawancin magungunan ba sa kashe ƙwan ƙwarƙwata, saboda haka a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Amitiraz ba na doki ko jaki ba ne. Ragowar ruwan a zuba a rami nesa da rijiya da rafi. Abu biyu da ake yi a ƙauyuka ina roƙo a daina: shafa baƙin man mota a kan ƙazuwa, da wanke dabba da maganin feshin wake ko masara. Na farko yana ƙona fata, na biyu yana kisa, ba dabba kaɗai ba, har yaron da ya riƙe ta.

Fata dai kuɗi ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ayari yake fitar da ita, kuma har yau majemun Kano na Sharaɗa da Challawa suna sayen fatun awaki da tumaki. Tabon kaska, ƙazuwa da igiya ba ya ɓacewa a jima.

Kofato

A kan duwatsu da busasshiyar ƙasar rani kofato yana cin kansa. A turke, a kan ƙasa mai laushi, sai ya yi ta tsawo, gefensa ya naɗe ya rufe tafin, taɓo da kashi su taru a ciki. Dabbar da ƙafa take yi wa ciwo ba ta tsayuwa ta ci. Za ka gan ta tana kiwo a durƙushe.

Kofato ya fi yankuwa da sassafe bayan dabba ta taka raɓa, ko washegarin yayyafin farko. Ɗaga ƙafa, ka ƙwaƙule dattin da tsinke har ka ga tafin sosai. Yanke gefen da ya naɗe kaɗan-kaɗan har ya yi daidai da tafin, ka rage tsinin gaba, sannan dunduniya idan ta yi tudu. Abin da ake nema shi ne ƙasan kofato ya kwanta daidai da layin da gashi ya tsaya a samansa, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Da ka ga wurin ya fara yin ja-ja, tsaya, jini yana kusa. Kofaton da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba kada a ce sai an daidaita shi rana ɗaya. A rage, a dawo bayan mako uku. Idan an yi kuskure jini ya fito, a danna, a sa aidin, a ajiye dabba a busasshen wuri.

Idan ka ji wari mai ɗoyi, ka ga tsakanin kofato ya yi fari ya jiƙe ko ƙahon yana rabuwa da nama, ruɓewar kofato ce, kuma tana yaɗuwa. A ware dabbar, a ƙone abin da aka yanke, a tsayar da ƙafafuwanta minti 10 zuwa 15 a ruwan zinki salfet, kilo 1 cikin lita 10, sannan ta tsaya a busasshen wuri. Mai tsanani sai likita ya yi allura. Ƙwayar cutar ba ta wuce kimanin mako biyu a ƙasa idan babu ƙafar da za ta shiga, don haka wurin da mai ciwo ta zauna a bar shi mako biyu babu dabba. Idan shuɗin garin nan na kofa salfet aka samu a maimakonsa, a kiyaye kada tunkiya ta sha, yana lalata mata hanta.

Ido da tsutsar ciki

Wannan shi ne sashen da na fi so malamin gona ya koya wa mutane da hannu, domin tsutsar ciki tana cikin manyan masu kashe 'ya'yan tumaki da awaki da damina, kuma ana ganin alamarta kafin dabba ta faɗi. Mafi sharri a cikinsu ita ce siririyar jar tsutsa mai shan jini, wadda take zama a sashe na huɗu na tumbin dabba. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini. Tsutsa 1,000 suna shan jini wajen mililita 50 kowace rana, wato cokalin shayi goma, daga dabbar da dama ta fito rani a rame. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar sukan kwanta a bangon tumbi su yi likimo duk tsawon rani, sai dab da damina su farka su girma su fara zuba ƙwai. Ke nan dabbar da kanta take shuka tsutsa a wurin da za a turke ta. Maganin da aka ba ta a bazara yana rage wannan irin tun kafin ya zuba.

Ja fatar ido ta ƙasa a cikin hasken rana ka dubi launin cikinta. Ja sosai, jini ya wadata. Ruwan hoda mai haske, jini ya ragu. Fari kamar takarda, dabba tana bakin mutuwa, musamman idan ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. A Afirka ta Kudu aka tsara katin gwada wannan launi mai mataki 1 zuwa 5, ana kiransa FAMACHA, amma ko babu katin ido yakan saba idan ana gwada dabba da 'yar'uwarta.

Magungunan da aka fi samu su ne albendazol, libamisol da aibamektin. Likitan dabbobi ko ma'aikacinsa shi zai faɗi wanda ya dace da adadinsa, amma akwai abubuwan da ya kamata mai dabba ya riƙe. Jikin akuya yana saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, don haka adadin da ya ishi tunkiya sau da yawa ba ya isar akuya mai nauyinta. Ba a ba da albendazol ga wadda aka yi wa barbara cikin wata ɗaya da rabi da ya wuce, yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Libamisol ba ya son a wuce ƙa'ida, kuma ba a haɗa shi rana ɗaya da wasu magungunan wanka. Rabin ƙwaya da ake ba babbar dabba don tsimi ba ya kashe tsutsa, koya mata jure magani yake yi. Bayan wannan zagayen na bazara, a riƙa duba ido kowane mako biyu zuwa uku har ƙarshen damina, a ba waɗanda idonsu ya nuna, da 'ya'ya, da masu shayarwa. Babbar dabba mai jan ido da ƙiba a ƙyale ta. Dabbar da aka ba magani amma idonta bai dawo ba, musamman mai kiwo a bakin kurmi ko fadama, a kai ta a duba jini da kashi, domin sammoren da tsando yake kawowa da tsutsar hanta su ma suna shanye jini.

A tuna da kasuwa. Babbar Sallah ta faɗo a farkon Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kimanin kwana 11, ga Ista a Maris ko Afrilu. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta, suna rubuce a jikin kwalba. Na allurar aibamektin yakan kai wata guda ko fiye. A lissafa kafin a soka wa ragon da za a sayar.

Haƙora da gadon baya

Tunkiya da akuya suna da haƙoran gaba 8 a ƙasa, babu a sama. Biyun farko na girma suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, sauran su biyo bibbiyu, baki ya cika wajen shekara huɗu. Bayan nan sai su fara gajarta, su ware, su zube. Ɗora yatsunka a gadon baya, bayan haƙarƙarin ƙarshe. Idan ƙashi yana sukar hannu kamar bakin zarto, dabba ta rame. Idan kana jin sa amma da nama a gefe, daidai ne. Ka taɓa hantsa ka ji ko akwai ƙullutu ko mataccen nono, ka taɓa marainan rago da bunsuru ka ji ko girmansu ɗaya.

Da wannan za ka yanke shawara tun kafin ɗauri: tsohuwar da haƙora suka zube, wadda hantsarta ta lalace, wadda ta shekara biyu ba haihuwa, da rarar bunsuraye, gara a kai su kasuwa yanzu da a raba musu ciyawar da za a sha wuyar yankowa.

Rigakafi

Annobar tumaki da awaki da ake kira PPR tana zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki, tari da zawo, kuma takan share garken ƙauye cikin mako biyu. An fara gano ta a Kwaddibuwa a 1942. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai ƙarfi, wanda aka samo daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a Nijeriya a 1975. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a nan kusa da mu a Jihar Filato, tana haɗa shi. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar, kamar yadda aka ayyana kawar da bushiya ta shanu a 2011.

Ana yi wa lafiyayyar dabba da ta kai wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta dabbobi gommai ce, tana bukatar sanyi tun daga Vom har ƙauye, kuma da an gauraya ta sai a ƙarar cikin awa biyu. Mai akuya huɗu ba zai iya wannan shi kaɗai ba. A nan aikin malamin gona yake: ya haɗa unguwa, ko ƙungiyar mata ta coci ko ta masallaci, ya ƙidaya dabbobi, ya sa rana da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, ya gayyato maƙwabta Fulani masu tumaki, tun da mashaya ɗaya ake sha.

Turke da abinci

A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwo ta ƙasa da ƙasa mai suna ILCA ta yi aiki a Abet, kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri ta wajen Kaciya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta gano yana ba mutane mamaki: awakin manoma sun fi shan wuya da damina, lokacin da ciyawa ta cika ko'ina, fiye da rani, saboda igiya ta hana su zaɓen abin da za su ci. Akuya mai cin ganye ce, tana son ta ɗaga kai ta tsinka nan ta tsinka can. Idan aka ɗaure ta wuri ɗaya ta tattake ciyawar, ta yi kashi a kai, ta ci tsutsar da ta zubar.

A sa igiya mai laushi a wuya da ƙullin da ba ya zargewa, yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fata. Ɗaurin ƙafa yana yanka har jijiya. A sauya wurin turke kullum, kada a koma tsohon wuri da wuri, a bari raɓa ta bushe kafin a fitar da su, domin da danshi 'ya'yan tsutsa suke hawa kan ciyawa. Sabuwar ciyawar Afrilu kusan duk ruwa ce, tana sa zawo. A ba su ɗan harawa ko dusa da safe kafin su fita. Da yamma a rataya musu ganyen kawo, maɗobiya, maje ko ɓaure a sama, kada a zuba a ƙasa. Ɓawon rogo sai an shanya ya bushe. A ajiye gishirin lasa ko kanwa da ruwa mai tsabta, ɗakin kwana kuma ya zama mai rufi da daɓe mai gangara.

Wanda yake da saura ko gonar da ta gaji, ya gwada abin da aka gwada a Abet: a killace ɗan fili a shuka ciyawar sitailo, irin Verano, wadda 'yar dangin wake ce. Ana jiƙa irin a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi laushi, a watsa kimanin kilo 10 a hekta ɗaya da farkon damina, tare da takin sufa. An tsara ta ne da farko a hekta 4 domin shanun Fulani, daga baya aka ga ƙaramin fili yana isar awakin gida, a sake su a ciki ba igiya. Bayan shekara biyu ko uku, masarar da aka shuka a wurin takan nuna bambanci. Ana iya tambayar iri a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya.

Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa bayan an gama wannan aiki, ko aka karɓo kiwo daga dangi, a turke ta nesa da sauran har mako uku, da kwanon ruwanta daban. A duba fatarta, kofatonta da idonta kamar yadda aka yi wa na gida, a rubuta ta a littafi, a yi mata rigakafi kafin ta shiga cikinsu.